Aswaki ko buroshi da makilin: wanne gida zai dogara da shi?

Kawuna ya shigo Katsina daga ƙauye don ganin likitan ido, ya sauka wurinmu a bayan Ƙofar Ƙaura na kwana uku. A daren farko ya tarar da ni tsugune a bakin rariya ina fama da autana, ɗan shekara shida, a kan ya buɗe baki in goge masa turamen ciki. Yaron yana ta zillewa, don ɗaya daga cikinsu ya yi kogo, ko ruwan randa ba ya iya sha ta wannan ɓarin. Kawu ya tsaya yana kallonmu, aswaki a gefen baki kamar kullum, can ya ce, "Kai ɗan nan, mi kuke ma ɗiyanku haka? Ni na haura saba'in ban taɓa sa wanga abu a baki ba, kuma ga su nan." Ya ɗaga leɓe ya nuna mini. Goro ya rina su jawur, sun ɗan side ta sama, amma in ban da giɓi ɗaya da wani bijimi ya yi masa tun yana saurayi, suna nan reras.

Na rasa abin cewa a lokacin, don gani ya kori ji. Ga tsoho mai aswaki da haƙoransa, ga yaro mai buroshi da kogo. Duk wanda ya tsaya a wannan hoton zai ce an gama shari'a. Amma da na natsu na bi maganar, na gane cewa ba itace da roba ne suka raba bakin Kawu da na jikansa ba. Abu biyu ne: sukarin da ke shiga bakin, da wani sinadari da ake kira fulorayid. Wanda ya fahimci waɗannan biyun zai san inda zai sa ɗan kuɗinsa.

Mu fara da kawar da zancen tsutsar da ake cewa ita ke cin haƙori. Na taɓa tsayawa a wata kasuwar ƙauye ina kallon mai magani yana zuba wasu 'yan ƙwayoyin iri a kan ƙarfe mai zafi, ya kifa mazurari, mai ciwon ya sa baki hayaƙin na shiga. Bayan ɗan lokaci sai ya nuna wa jama'a wasu fararen abubuwa kamar zare suna yawo a cikin kwanon ruwa, ya ce ga tsutsar ta fito. Daga cikin irin suke fashewa, ba daga haƙori ba. Abin da ke ɓula haƙori ido ba ya ganinsa. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune cikin wannan farar dauɗa mai yauƙi da ke mannewa a gindin haƙori, wadda in ka kankara da farce da safe za ka gani. Abincinsu sukari ne. Da sun ci sai su fitar da asid, shi kuma ya riƙa narkar da farin ɓawon haƙori kaɗan-kaɗan. Miyau ne ke zuwa ya wanke tsamin ya mayar da abin da ya zaizaye, amma yana bukatar lokaci, kamar rabin awa zuwa awa ɗaya bayan kowane ci. Shi ya sa yawan maimaitawa ya fi yawan abin illa. Yaron da ya cinye alkaki uku a zama ɗaya bayan tuwo ya fi wanda ya wuni yana tsotsar minti ɗaya bayan ɗaya samun sauƙi, don na biyun bai bar miyau ya yi aikinsa ba. Da dare kuma miyau ja baya yake yi, sai ƙwayoyin su samu fili har asuba.

To a nan ne sirrin Kawu yake. Ya tashi da kunu da tsamiya, tuwon gero, dambu, fura da nono ba sukari. Zaƙinsa rake ne a kaka, da nakiya ko alkaki ranar biki. Jikansa kuwa kafin ya tafi makaranta ya sha shayi da sukari cokali uku da burodi, a bakin makaranta ga alawar madara da biskit, da rana ga zoɓo mai sanyi a leda, da yamma in baƙo ya zo ga lemon kwalba. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu a yini, in da hali ma a tsaya ƙasa da kashi 5, wato kamar giram 25 ko ƙaramin cokali 6 ga babba. Kwalbar lemo guda takan zarce wannan ita kaɗai. Da Kawu ya tashi a kan irin abincin jikansa, ban tsammanin aswaki zai fishe shi. Kiɗa ya canza.

Wannan ba rage wa aswaki daraja ba ne. A gaskiya idan ana maganar kankare dauɗa kawai, binciken da aka yi ta yi na gwada shi da buroshi ya nuna cewa a hannun wanda ya iya, aswaki ba ya jin kunya. Na asali, wanda alhazai ke tsaraba da shi kuma ake kasawa a ƙofar masallatan Juma'a, saiwar itacen arak ce. Yana da ɗan yaji-yaji idan sabo ne, kuma wannan yajin daga wani sinadari yake mai kashe ƙwayoyin cuta. Yana da ɗan gurzau a jikinsa mai goge tabo, taunarsa kuma tana tsinko miyau. Wanda bai samu arak ba yakan karyo reshen bedi, ya daure da ɗacin. Ba ya bukatar ruwa, ba ya bukatar rariya, yana shiga aljihun gaba tare da carbi. Manomi a gona, direba a tashar Jibiya, ɗan kasuwa a rumfa, kowa zai iya yi a inda yake.

Babban ƙarfinsa kuwa ba a cikin itacen yake ba, a cikin ɗabi'a yake. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa ba don gudun tsananta wa al'umma ba da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarce su da aswaki a kowace salla, ya sa mai riƙo da sunna yana taɓa haƙoransa sau biyar a yini ba tare da wani likita ya tuna masa ba. Ƙasashen Turai sun kashe maƙudan kuɗi suna roƙon mutanensu su goge sau biyu. Mu an ba mu biyar a kyauta, da lada a kai. Duk ma'aikacin lafiyar da ya shiga ƙauye ya ce a jefar da aswaki don ya tsufa, ya yi wauta, kuma ba wanda zai saurare shi.

Sai dai yana da inda bai kai ba, kuma mai aswaki na gaskiya ya san haka. Gashinsa a tsaye yake da sandar, ba a gicciye ba, don haka yana jin daɗin haƙoran gaba ta waje, amma bayan haƙoran ƙasa ta wajen harshe da turamen can ƙurya sai an yi da gaske. A can ƙuryar kuma kogo ya fi farawa, a cikin 'yan kwarin da ke saman turmi. Da yawanmu ma ba gogewa muke yi ba, riƙewa kawai muke a baki muna hira, a shafa haƙora huɗu na gaba a mayar aljihu. Wasu kuma su wuce gona da iri, su yi ta dirza wuri ɗaya har dasashi ya janye, saiwar haƙori ta fito tana tsami in iska ta buga. Ga wanda zai yi sati da kan aswaki ɗaya, ya bushe ya yi ƙura a aljihu, alhali kamata ya yi a riƙa yanke kan ana sabuntawa kusan kullum, a wanke kafin a sa da bayan an gama. Yaro ɗan shekara huɗu kuwa ba shi da hannun da zai juya aswaki, tauna shi zai yi kamar rake.

Buroshi shi kaɗai, ba makilin, bai fi aswaki da wani abin a zo a gani ba. Abin da ya fi shi da shi siffa ce: kai a gicciye, wuya siriri, yana lanƙwasawa ya shiga lungu, kuma uwa za ta iya riƙe shi ta goge wa yaro. Tun 1938 da aka fara yin na gashin leda a Amurka bai canza sosai ba. Asalin aikinsa, in ka tambaye ni, ɗan aike ne. Saƙon da yake kaiwa shi ne fulorayid.

Labarin wannan sinadari da ban mamaki. A farkon ƙarni na 20 wani likitan haƙori mai suna Frederick McKay ya lura mutanen wani yanki na jihar Kolorado ta Amurka haƙoransu na da tabo ruwan ƙasa, amma kuma ba su cika yin kogo ba. Aka yi shekaru ana bin sawu kafin a gano fulorayid ne ya yi yawa a ruwansu. Daga nan aka fahimci cewa kaɗan daga cikinsa kariya ne, da yawa kuma tabo. A 1945 garin Grand Rapids na Amurka ya zama na farko da aka zuba shi da gangan a ruwan famfo, a shekarun 1950 kuma ya shiga man goge baki. Aikinsa shi ne taya miyau ɗinke ɓawon haƙorin da asid ya fara ci, kuma ɗinkin da aka yi da shi ya fi na asali jure tsami. Da aka tattara gwaje-gwaje masu yawa da aka yi a kan yara, an ga makilin mai fulorayid yana rage ruɓewar haƙori da kusan kashi ɗaya cikin huɗu idan aka gwada da wanda babu. Itacen arak ma yana da ɗan ɓurɓushinsa, amma bai kai ko kusa da abin da ke cikin makilin ba. Wannan shi ne abu guda da aswaki ba zai iya ba wa jikan Kawu ba.

Amma fa ba kowane makilin ba ne. Kasuwa cike take da masu hoton ganye, masu gawayi, masu cewa za su mayar da haƙori fari ƙal cikin kwana uku, wasunsu ba ɗigon fulorayid. Juya kwalin ka duba. Ka nemi lamba tsakanin 1000 da 1500 da haruffan ppm a kusa da ita, mafi yawa za ka ga 1450, sannan ka duba lambar NAFDAC. Ƙamshi da kumfa da sanyin baki duk ado ne. Mai arha da ke da lambar ya fi mai tsada da babu ita.

Kuma da yawanmu masu buroshin asarar kuɗinmu muke yi. Ni kaina na yi shekaru ina gogewa da safe kawai, don in fita da baki mai ƙamshi, alhali na dare kafin barci shi ne mai muhimmanci. Ina gamawa in cika baki da ruwa in kurkure sau uku, in zubar da maganin da na saya a rariya. Abin da ake so shi ne a tofar da kumfar a bar sauran ya kwana a kan haƙori. Muna son buroshi mai tauri don a ji yana aiki, shi kuwa dasashi yake ci, mai laushi ya fi. Muna shafa makilin tun daga farkon gashin har ƙarshe kamar yadda ake nunawa a talla, alhali kamar ƙwayar wake ya isa, yaro ƙasa da shekara uku kuma kamar ƙwayar shinkafa, tun daga ranar da haƙorin farko ya huda. Wanda ya kiyaye wannan, bututu ɗaya zai daɗe masa ninki biyu ko fiye. Minti biyu ake so, sau biyu a yini, a canza buroshi in ya kai wata uku ko gashinsa ya baje. A wasu gidaje na ga buroshi ɗaya a kan taga yara huɗu na karɓa-karɓa. In har ba halin kowa da nasa, gara kowane yaro a ba shi aswakinsa.

Wannan ya kawo mu kan kuɗi, inda maganar ta daina zama ta ɗanɗano. A Nuwamban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahotonta a kan lafiyar baki, ta ce kusan mutum biliyan 3.5, wajen rabin mutanen duniya, na fama da wata cutar baki, kuma uku cikin huɗu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaici. Kogon haƙorin da ba a yi wa magani ba shi ne cutar da ta fi kowace yaɗuwa a doron ƙasa, mutum kusan biliyan 2.5. Ciwon dasashi mai tsanani, wanda ke sa haƙori girgiɗi har ya faɗi da kansa, kusan biliyan 1. A yankin Afirka kuwa mutum wajen miliyan 480 ne, kuma likitan haƙori ɗaya yana fuskantar mutum kusan dubu 30, wato kamar kashi ɗaya cikin goma na matsakaicin duniya. Wannan ma matsakaici ne a takarda. Likitocin a birane suke. Jihar Katsina na da ƙananan hukumomi 34, mutumin Batsari ko Safana ko Baure da haƙori ya hana shi barci sai ya yi lissafin kuɗin mota, da halin da hanya ke ciki, da yinin aikin da zai rasa, kafin ya zo kan kuɗin kati da na aikin.

Shi ya sa ciwo ɗaya yake da makoma biyu. Mai hali yana jin tsami zai je sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Tarayya ko wani asibitin kuɗi, a share kogon a cike, in ya kai jijiya a wanke ta a rufe, ya koma gida da haƙorinsa. Marar hali zai fara da kanumfari da ruwan gishiri mai ɗumi, waɗanda ba laifi suna lafar da zafi na ɗan lokaci. Daga nan kemis, a haɗa masa ƙwayoyi ja da rawaya. Wani ya danna asfirin a jikin dasashi ya ƙone shi, na ma ji masu ɗiga ruwan batir. Sai kunci ya kumbura sannan a tafi, a lokacin ba abin da ya rage sai cirewa. In kuma wurin mai cirewa na kasuwa aka je, da ƙarfen da ya fito daga bakin wani ba a dafa ba, ana kukan targaɗe sai ga karaya, don ciwon hanta ta jini yake bi. Giɓin da ke bakin talaka ba gado ba ne, tarihin aljihunsa ne.

Duniya ta fara farkawa, ko da yake a makare. A 2021 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kan lafiyar baki, a shekarar kuma aka sa makilin mai fulorayid cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba, tare da wasu abubuwa biyu da suka dace da irin ƙauyukanmu. Ɗaya wani siminti ne na cike kogo da ake iya sawa da kayan hannu, ba injin huda ba lantarki, dabarar da aka fara gwadawa a Tanzaniya a shekarun 1980. Ɗayan ruwan magani ne mai azurfa da fulorayid da ake ɗigawa a kogon yaro ya tsayar da ruɓar, illarsa kawai wurin zai yi baƙi. Irin waɗannan ne ya kamata mu riƙa tambaya a asibitocin sha-ka-tafi. Kafin su iso, abin da ke hannun magidanci shi ne abin da ke kan tagar banɗakinsa.

To wa zai ɗauki me? Dattijo irin Kawu, mai cin abincin gargajiya, wanda ya iya aswaki kuma dasashinsa ba ya jini, ban ga dalilin takura masa ba. Yaro kuwa, daga fitowar haƙori har ya balaga, ba na haɗa makilin da komai, kuma babba ne zai goge masa ko ya tsaya a kansa har ya kai shekara bakwai ko takwas. Akwai wani tarko a nan da ya kama ni: wajen shekara shida turmin farko na dindindin yake fitowa a bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye sai su ɗauka na nono ne, su ce bar shi zai famshe, alhali shi ne zai yi wa yaron tauna har tsufa. Mai shan shayi sau uku, ɗalibi, mai shago kusa da firjin lemo, mai ciwon sukari, mace mai ciki da dasashinta ke jini, duk ina ganin buroshi da makilin safe da dare ne ginshiƙinsu, aswaki kuma ya cike tsakani a lokutan salla. Gidan da bututu ɗaya kawai za a iya saye a wata, a ajiye shi don dare kuma a fara da yara, da rana kowa ya kama itace. Mai azumi ma haka tsarin ya fi masa sauƙi: makilin bayan sahur kafin alfijir da kuma kafin barci, aswaki da rana, wanda malamanmu na Malikiyya suka halatta duk tsawon yini, in dai ba ɗanye ba ne mai saki a baki. Gawayi da toka da gishiri kuwa suna sa haske na ɗan lokaci, amma kankare ɓawon suke, kuma ɓawon haƙori ba ya tsirowa.

Togiya ɗaya ita ce inda ruwan rijiya ko na burtsatse ke da fulorayid fiye da kima, kamar yadda aka sani a yankunan Kaltungo da Langtang. In ka ga yaran unguwa gaba ɗaya haƙoransu na fitowa da fari-fari kamar alli ko tabo ruwan ƙasa, a sa a gwada ruwan, a kuma kula kada ƙanana su riƙa haɗiye makilin.

Akwai kuma inda aswaki da buroshi duk ba su da ta cewa. Kumburin da ya sauko ƙarƙashin haɓa, ko ya hau wajen ido, ko ya hana buɗe baki da haɗiya, na asibiti ne a daren, ba na gobe ba. Gyambon baki da ya wuce sati biyu bai warke ba, musamman ga mai taba ko mai sa garinta a leɓe, a kai wa likita ya gani. Sai wadda ta fi tayar mini da hankali, cutar noma, da sunanta ya yi kama da na aikin gona amma ba abin da ya haɗa su. Tana kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Da ɗan ciwon dasashi take farawa, da wari da dalalar miyau, cikin 'yan kwanaki ta ci kunci ta huda fuska. In ba a yi magani ba tana kashe kusan 9 cikin 10, alhali a farkonta maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti na musamman dominta tun 1999, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa a Disambar 2023 aka shigar da ita jerin cututtukan da duniya ta yi sakaci da su. Uwar da ke buɗe bakin ɗanta kowane dare don ta goge, da itace ne ko da roba, ita ce za ta fara ganin dasashin ya canza.

Ranar da Kawu zai koma na raka shi tasha. Ya ƙi karɓar buroshin da na saya masa, ya ce in bar wa masu shan zaƙi. Amma ya karɓi bututu biyu na makilin ya cusa a aljihun 'yar-shara, ya ce akwai jikoki bakwai a gida, kuma tun da aka buɗe shago a bakin masallacinsu kullum da alewa a hannunsu. Har mota ta tashi yana leƙowa ta taga yana tambayata, "Ka ce kamar ƙwayar wake ko ta shinkahwa?"